Jacques Vergès: lauyan da ya ceci ƴar gwagwarmayar Aljeriya daga kisa, ya kuma tsaya wa ɗan Nazi

A watan Yulin 1957 kotun sojan Faransa da ke birnin Alje ta yanke wa wata budurwa hukuncin kisa. Sunanta Djamila Bouhired, ƴar ƙungiyar FLN mai yaƙin ƙwatar ƴancin Aljeriya. An kama ta a watan Afrilu da raunin harsashi a jikinta, ta kuma faɗa wa kotu cewa sojoji sun azabtar da ita. Laifin da aka ɗora mata shi ne hannu a dasa bama-bamai a unguwannin Turawa. A wancan lokaci hukuncin kisa a Aljeriya ba barazana ce ta baki ba, domin tun watan Yunin 1956 aka soma sare kawunan ƴan gwagwarmaya a gidan kason Barberousse, kuma Ahmed Zabana ne na farko.

Lauyan da ya tsaya mata bai cika shekara biyu da sanya baƙar riga ba. Ya san an gama yanke hukunci tun kafin a buɗe zaman, saboda haka bai ɓata lokaci wajen roƙon sassauci ba. Ya fitar da shari'ar daga zauren kotu ya kai ta gaban duniya. Shi da marubuci Georges Arnaud suka wallafa wani ɗan littafi a kan Djamila a cikin wannan shekara, jaridu suka ɗauka, aka yi ta aika wa fadar shugaban Faransa takardun koke daga ƙasashe daban-daban. A 1958 shugaba René Coty ya sauya hukuncin daga kisa zuwa ɗauri, kuma a 1962, da yaƙi ya ƙare, Djamila ta fito da ranta.

Wannan lauya shi ne Metir Jacques Vergès. Shekaru talatin bayan haka, shi ne dai ya tashi a kotun Lyon yana kare Klaus Barbie, shugaban ƴan sandan Gestapo da ya tura yara ƙanana sansanin mutuwa. Har yau a makarantun koyon shari'a na ƙasashe masu amfani da Faransanci ana gardama a kan yadda mutum ɗaya ya haɗa waɗannan ayyuka biyu.

Bai fara da shari'a ba

Takardunsa sun ce an haife shi ranar 5 ga Maris 1925 a garin Ubon Ratchathani na ƙasar Siyam, wadda ake kira Tailan a yau. Mahaifinsa Raymond Vergès likita ne ɗan tsibirin La Réunion, yana riƙe da muƙamin ƙaramin jakadan Faransa a can. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce ƴar Biyetnam, ta rasu yana ƙaramin yaro. A La Réunion ya tashi tare da ɗan'uwansa Paul, wanda daga baya ya kafa jam'iyyar kwaminis ta tsibirin. Yaro ne ruwa biyu a ƙasar da launin fata ke nuna wa mutum inda zai zauna, kuma shi da bakinsa ya sha danganta ƙiyayyarsa ga mulkin mallaka da wannan tasowa.

A 1942, yana ɗan shekara 17, ya bar tsibirin ya shiga rundunar Faransawan da suka bi Janar de Gaulle don yaƙar Jamus. Bayan yaƙi ya zauna a Paris, ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1945, ya zama jigo a cikin ɗaliban da suka fito daga ƙasashen da Faransa ke mallaka. A nan ya san wani ɗalibi ɗan Kambodiya mai suna Saloth Sar, wanda duniya ta zo ta sani da Pol Pot. Ya kuma yi wasu shekaru a birnin Prag yana aiki a ƙungiyar ɗalibai ta duniya.

Sai a 1955, yana da shekara 30, ya yi rantsuwar zama lauya a Paris. Abokan karatunsa da yawa sun riga shi da shekaru. Amma ba da jimawa ba ya lashe gasar iya magana da ƙungiyar lauyoyin Paris ke shirya wa sababbin shiga, ya zama sakatare na farko a cikin goma sha biyun da ake zaɓa kowace shekara. Wannan gasa ba ta ado ba ce kawai. Bisa al'ada waɗanda suka ci ta ne ake naɗawa su kare mutanen da ake tuhuma da manyan laifuka alhali ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Wato tun daga ƙofa aikin ya jefa shi cikin shari'ar masu laifi, inda abin da ake ja a kai shi ne ƴancin mutum ko ransa.

Abin lura ga matasan da ke ganin lokaci ya ƙure musu: takardar da ta ba Vergès damar tsayawa gaban alƙali ita ce irin ta kowa, digirin shari'a da takardar ƙwarewa ta CAPA. Abin da ya bambanta shi ya samo shi ne a waje, a fagen yaƙi, a tarukan siyasa da kuma karatun tarihi da adabi.

Dabarar ɓallewa

Daga shari'o'in Aljeriya ne ya fito da salon da sunansa ya manne da shi, wanda ya bayyana a littafinsa na 1968, De la stratégie judiciaire. A ganinsa shari'a iri biyu ce. A ta farko, wanda ake tuhuma da alƙali sun yarda da doka ɗaya. Ɓarawo bai musa cewa sata laifi ce ba, cewa yake bai yi ba, ko kuma yunwa ce ta sa shi, a tausaya masa. Lauya a nan yana neman kuskure a cikin fayil, yana tankwasa shaidu, yana roƙon rangwame. A ta biyu kuwa, wanda ake tuhuma bai yarda da kotun ba tun daga tushe. Alƙali ya ce masa kai Bafaranshe ne da ya ci amanar ƙasa, shi kuma ya ce shi ɗan Aljeriya ne da ke yaƙar ɗan mamaya. Alƙali ya kira shi ɗan ta'adda, shi ya kira kansa soja. Babu inda maganarsu za ta haɗu. A irin wannan hali, in ji ra'ayin Vergès, roƙon alƙali ɓata yawu ne. Sai lauya ya juya kujeru, wanda ake tuhuma ya koma mai tuhuma, a yi magana da jama'ar da ke waje ta bakin ƴan jarida.

Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, lauyoyin kwaminis irin su Marcel Willard sun riga shi. Amma shi da abokansa a rukunin lauyoyin FLN suka mayar da ita makami na yau da kullum. Lissafinsu mai sauƙi ne: fursunan da ba wanda ya san sunansa ana iya sare kansa da asuba ba tare da kowa ya ji ba, wanda hotonsa ke shafin farko na jaridun Alƙahira da Landan kuwa kashe shi na da tsada ga gwamnati. Sun biya farashi. A watan Mayun 1959 aka harbe abokin aikinsu Metir Amokrane Ould Aoudia a Paris. Shi Vergès an dakatar da shi daga aiki na shekara guda a 1961.

Bayan samun ƴanci ya zauna a Aljeriya, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya musulunta da sunan Mansur, ya auri Djamila a 1965, suka haifi ƴaƴa biyu. Ya jagoranci jaridar Révolution africaine na ɗan lokaci, ya kuma je Sin ya gana da Mao. Sai a farkon 1970 ya ɓace. Ya bar mata da yara, ba a sake ganinsa a fili ba har 1978 da ya sake bayyana a Paris. An ce yana Kambodiya wajen Pol Pot, an ce yana tare da Falasɗinawa, an ce yana Paris ɗin a ɓoye. Ya rayu shekara 35 bayan dawowarsa bai taɓa fayyace inda ya je ba, kuma da alama yana jin daɗin yadda tambayar ke damun mutane.

Lyon, 1987

Klaus Barbie ya shugabanci Gestapo a Lyon lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. A hannunsa aka azabtar da Jean Moulin, jagoran ƴan turjiya. Shi ne kuma ya sa hannu a takardar da ta ba da rahoton kame yara Yahudawa 44 a wani gidan reno a ƙauyen Izieu ranar 6 ga Afrilu 1944, ba wanda ya dawo a cikinsu. Bayan yaƙi ƴan leƙen asirin Amurka suka ɗauke shi aiki, sannan suka taimaka masa ya tsere zuwa Bolibiya, inda ya zauna da sunan ƙarya har aka miƙa shi ga Faransa a 1983.

An buɗe shari'ar ranar 11 ga Mayu 1987. A ɓangaren waɗanda aka zalunta akwai lauyoyi kusan 40. A ɓangaren Barbie akwai Vergès, tare da mutum biyu da ya gayyato da gangan: Jean-Martin Mbemba ɗan Kongo da Nabil Bouaita ɗan Aljeriya. Baƙar fata, Balarabe da ruwa biyu ɗan Asiya suna kare mutumin da aƙidarsa ta ɗauke su a matsayin ƙasƙantattu. Tun a kwanakin farko Barbie ya ce ba zai ƙara halartar zaman ba, aka bar lauyansa da fili.

Vergès bai yi wani dogon ƙoƙari na wanke Barbie ba, sai dai ya yi jayayya a kan ingancin takardar Izieu. Ƙarfinsa ya zuba shi a kan Faransa kanta. Ya tuno kisan Setif na 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke bikin karya Hitler, da murƙushe boren Madagaska na 1947, da azabtarwar da aka yi a Aljeriya wadda doka ta yi wa afuwa. Mbemba ya kawo batun dubban ma'aikatan tilas da suka mutu wajen shimfiɗa layin dogo na Kongo zuwa teku. Tambayarsu ita ce: da wane baki ƙasar da ta yafe wa kanta waɗannan za ta hukunta wani a kan laifin cin zarafin ɗan Adam?

Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda kakansa ya yi aikin tilas a zamanin Nasara zai ji ta a jikinsa. Sai dai akwai tsofaffi a zauren da suka zo da tabon azaba a jikinsu, da iyayen da aka raba da ƴaƴansu, kuma ba su ne suka yi kisan Setif ba. Laifin wani ba ya goge na wani. Ranar 4 ga Yuli aka yanke wa Barbie ɗaurin rai da rai, ƴan sanda ne suka fitar da Vergès daga kotun saboda fushin jama'a. Barbie ya mutu a kaso a 1991.

A nan ne raunin dabarar ya fito fili. A Aljeriya akwai al'umma guda a bayan fursunan, ga kuma tarihi yana tafiya tare da su. In babu wannan, ɓallewa na iya ɗaukaka sunan lauya ta bar wanda yake karewa a rami. A wannan shekara ta 1987 ya kare Georges Ibrahim Abdallah, ɗan gwagwarmayar Labanan da aka tuhuma da hannu a kisan jami'an diflomasiyyar Amurka da Isra'ila a Paris. Mai shigar da ƙara na gwamnati bai nemi fiye da shekara 10 ba, kotu ta yanke ɗaurin rai da rai. Sai a watan Yulin 2025 Abdallah ya fito, bayan shekara 40 a tsare.

Mai aikin lambu daga Maroko

Shari'ar da ta fi kusa da rayuwar ƴan ci-rani ita ce ta Omar Raddad. A watan Yunin 1991 aka tsinci gawar wata attajira, Ghislaine Marchal, a ɗakin ƙasa na gidanta a Mougins, kudancin Faransa. A jikin ƙofa an rubuta da jininta "Omar m'a tuer", wato Omar ne ya kashe ni, da kuskuren nahawu wanda aka yi ta gardama ko mace mai ilimi irinta za ta yi shi. Omar shi ne mai yi mata aikin lambu, ɗan Maroko wanda Faransancinsa bai nuna ba. Bai taɓa amsa laifin ba.

Ranar 2 ga Fabrairu 1994 kotun Nice ta ɗaure shi shekara 18, tare da cewa akwai dalilan sassauci. Hukuncin kansa ya ɗaure kai: in shi ya yi wannan ɗanyen aiki shekara 18 ta yi kaɗan, in kuwa ana shakka ai sakinsa ya kamata a yi. A bakin kotu Vergès ya kwatanta lamarin da na Dreyfus, hafsan da aka ɗaure shekara ɗari kafin nan saboda shi Bayahude ne, ya ce yau kuma an ɗaure mai lambu saboda shi ɗan Magrib ne. A lokacin dokar Faransa ba ta ba da damar ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kotun manyan laifuka ba, sai a 2000 aka gyara. Saboda haka ya koma ga makaminsa na da, jaridu da ra'ayin jama'a. A 1996 shugaba Jacques Chirac ya rage wa Omar wa'adi, bayan sa bakin Sarki Hassan na biyu, ya fito a 1998. Amma ba a wanke shi ba. Kotu ta ƙi sake duba shari'ar a 2002, ta sake ƙi a 2022. Wasu lauyoyi na ganin da an fi mai da hankali kan gibin da ke cikin binciken jandarmomi tun a zauren kotu, da wataƙila ba a kai ga neman afuwa ba.

Lauyan shugabanni

Masu ɗaukar Vergès gwarzon yaƙi da mulkin mallaka kan tsallake wani babi. Ya yi wa Gnassingbé Eyadéma na Togo aiki. Yana cikin lauyoyin Musa Traoré na Mali bayan kifar da shi. A 2001 shi ne lauyan Omar Bongo, Idriss Déby da Denis Sassou Nguesso lokacin da suka kai ƙarar François-Xavier Verschave a Paris saboda littafinsa Noir silence. Verschave shi ne mutumin da ya yayata kalmar Françafrique, ya tona yadda Faransa ke ɗaure wa shugabannin kama-karya gindi a Afirka. Wato lauyan FLN ya tsaya a gefen fadoji yana neman a hukunta mai tona asirinsu, da wata tsohuwar doka ta cin mutuncin shugaban ƙasar waje. Sun sha kaye. A ƙarshen 2010 kuma ya sauka Abijan tare da Roland Dumas don mara wa Laurent Gbagbo baya, sannan a shekarunsa na ƙarshe ya kare Khieu Samphan, tsohon shugaban ƙasar Kambodiya a zamanin mulkin Khmer Rouge.

Amsarsa ga masu suka ba ta sauya ba: kowa na da haƙƙin a kare shi, kuma kare mutum ba amincewa da aikinsa ba ne. Da aka tambaye shi ko zai kare Hitler, ya ce har George Bush ma zai kare, da sharaɗin ya amsa laifinsa. A ƙa'ida yana da gaskiya, domin ranar da aka ce akwai wanda muninsa ya kai a hana shi lauya, gobe mai mulki ne zai riƙa zaɓen wanda ya kai. Amma lauya ma yana zaɓen fayil ɗin da zai karɓa, kuma jerin sunayen da Vergès ya zaɓa a rabin rayuwarsa na biyu ya fi kama da na mai son fitilar kyamara da manyan kuɗi.

Hanyar a yau

Tsarin shari'ar Nijar ya gaji na Faransa, don haka matakan da Vergès ya taka su ne dai matashin Maraɗi ko Damagaram zai taka, sai dai sun ƙara tsawo. Tun bayan ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta amince da ita a watan Satumban 2014, wadda ta daidaita aikin lauya a ƙasashe takwas har da Nijar, ana bukatar digirin mastar a fannin shari'a, sannan a ci jarrabawar CAPA, a yi rantsuwa a gaban kotun ɗaukaka ƙara, a kuma yi shekara uku ana koyon aiki a ofishin wani babban lauya kafin a shiga babban jerin ƙungiyar lauyoyi. Ana karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Babu wata takarda ta daban da ke mayar da mutum lauyan masu laifi. Zirga-zirga tsakanin komisariya, ofishin alƙali mai bincike da gidan kaso ce ke koyar da shi.

Wannan ƙa'ida ta 2014 ta ƙunshi wani abu da ya shafi kowa, ba lauyoyi kaɗai ba: lauya na da damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a hannun ƴan sanda ko jandarmomi, ba sai an kai gaban alƙali ba. A waɗannan sa'o'i na farko ne ake rubuta bayanin da zai bi mutum har ranar hukunci, sau da yawa cikin Faransancin da ba ya ji, ya dangwala hannu a kan abin da bai karanta ba. Matsalar ita ce yawancin lauyoyin ƙasar suna Yamai, wanda aka kama a Dakwaro ko Tanut kuwa sai danginsa sun yi waya sun kuma haɗa kuɗin mota. Ga irin wannan mutum, wanda ake zargi da satar babur ko aka kama ba takardu a Tamanraset ko Marsai, dabarar ɓallewa ba ta da amfani. Babu jaridar da za ta buga hotonsa. Lauyan da yake bukata shi ne wanda zai zo da wuri, ya nemi tafinta, ya ƙirga sa'o'in tsarewa, ya karanta fayil shafi bayan shafi.

Vergès ya ci gaba da aiki har tsufa. A 2007 Barbet Schroeder ya yi fim a kan rayuwarsa mai suna L'Avocat de la terreur, shi kuma daga 2008 ya riƙa hawa dandalin wasan kwaikwayo a Paris shi kaɗai yana ba da labarin sana'arsa. Ya rasu ranar 15 ga Agusta 2013 yana da shekara 88, a wani gida da ke bakin kogin Seine, gidan da marubuci Voltaire ya cika a 1778. Shekara guda bayan haka kotun Phnom Penh ta yanke wa Khieu Samphan ɗaurin rai da rai.